WAƘAR DA TA FI ƘARFIN MAI ITA

Duk wanda ya saba ratsa layin 'yan gwanjo a Yaba ko Katangowa cikin birnin Ikko, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wata baƙar riga mai gajeren hannu ba, wadda aka zana wata fuska ruwan ɗorawa a gabanta, idanu a gicciye, harshe a waje, aka kuma rubuta NIRVANA a bisa. Samari suna saye suna sawa, masu sayarwa suna kakkaɓe ta suna ratayewa, amma kaɗan ne za su iya faɗin ko mene ne wannan suna. To, sunan wata ƙungiyar makaɗa ce ta mutum uku a ƙasar Amurka, waɗanda cikin shekarar 1991 suka fitar da waƙa guda ɗaya wadda ta birkita kasuwar kiɗa ta ƙasarsu. Ta ɗauke su daga fatara ta kai su inda ba su taɓa mafarki ba, amma shugabansu ya ƙare kwanakinsa yana ƙin jinin a roƙe shi ya rera ta.

Sunan waƙar "Smells Like Teen Spirit", kuma ita ce waƙar share fage ta faifansu na biyu mai suna Nevermind. Al'adar masu sana'ar faifai ce a can, idan makaɗa sun gama shirya babban faifai mai waƙa goma ko goma sha biyu, ba a kai shi kasuwa sai an fara tsamo guda ɗaya an buga ta ita kaɗai, an rarraba wa gidajen rediyo, domin jama'a su ɗanɗana gishiri kafin a sauke tukunya. Idan ta karɓu, babban faifai ya sami kasuwa. Idan ba ta karɓu ba, sau da yawa kamfani yakan naɗe hannu ya bar makaɗa da bashin kuɗin da aka kashe. Saboda haka zaɓen wannan waƙa ba abin wasa ba ne. Abin mamaki game da ta Nirvana shi ne, kamfanin da ya fitar da ita bai ɗora mata wani dogon buri ba.

YARAN GARIN KATAKO

Kurt Cobain, wanda shi ne mawaƙin ƙungiyar kuma mai kaɗa jita, an haife shi ran 20 ga Fabrairu, 1967, a Aberdeen, wani ƙaramin gari a Jihar Washington, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka kusa da teku. Kada mai karatu ya haɗa wannan jiha da birnin Washington inda shugaban ƙasa yake zaune, domin tsakaninsu akwai tafiyar mil fiye da dubu biyu. Aberdeen gari ne na masu saran itace da injinan tsaga katako, ga yawan ruwan sama, ga hazo, kuma lokacin da Cobain yake tasowa injinan suna ta rufewa, aiki yana ƙaranci. Ubansa makaniken mota ne. Yana da shekara tara iyayensa suka rabu, daga baya ya shiga yawon gidajen dangi da na abokai, yau nan gobe can. Bai gama makarantar sakandare ba, saura 'yan makonni ya bar ta, sa'an nan ya koma makarantar yana aikin shara da goge daɓe. A riƙe wannan magana ta shara, za a sake cin karo da ita a gaba.

A garin ne ya haɗu da Krist Novoselic, wani dogon saurayi wanda iyayensa suka yi ƙaura zuwa Amurka daga ƙasar Yugosilabiya ta da. Shi yana kaɗa babbar jita mai kaurin murya. Cikin 1987 suka kafa ƙungiya, bayan sun gwada sunaye iri-iri suka tsaya a kan Nirvana, kalmar da mabiya addinin Buda na ƙasashen Asiya suke nufin hutawa daga wahalar duniya da ita.

A wancan zamani kiɗan rok, watau kiɗan jita mai lantarki da ganguna, ya kasu gida biyu a Amurka. Akwai na manyan kamfanoni, na samari masu tara suma suna fesa mata mai, suna sa matsattsun wanduna na fata, suna waƙar mata da motoci da shagali. Su ne manyan gidajen rediyo da talabijin suka sani. Akwai kuma na 'yan bayan fage, waɗanda ƙananan kamfanoni suke buga musu faifai, kuma ba a jin su sai a rediyon ɗaliban jami'a. Waɗannan sukan yi yawo gari-gari cikin tsohuwar mota, su yi wasa a ƙaramin ɗaki gaban mutum hamsin ko ɗari, su kwana a ƙasa a gidan wanda ya tausaya musu. Kuma suna alfahari da haka. A wurinsu duk wanda ya miƙa wuya ga babban kamfani ya sayar da mutuncinsa ke nan.

Nirvana 'yan wannan gida na biyu ne. Faifansu na farko, Bleach, wani ƙaramin kamfani na birnin Seattle mai suna Sub Pop ya fitar da shi cikin 1989, kuma a bayan kwalinsa aka rubuta abin da aka kashe wajen naɗarsa: dala 606 da santi 17. An sayar da kimanin 40,000 kafin fitowar na biyu, wanda a ma'aunin 'yan bayan fage ba ƙaramin abu ba ne. Cikin 1990 suka sami sabon mai ganga, Dave Grohl, daga Jihar Virginia, yaro mai nauyin hannu ƙwarai. Da shekara ta kewayo kuma suka yi abin da mutanensu suke ƙyama, suka sa hannu da kamfanin DGC na attajirin nan David Geffen, bisa shawarar ƙungiyar Sonic Youth wadda ta riga su shiga.

SUNAN DA MAI SHI BAI GANE BA

Saura 'yan makonni su tafi naɗar faifai Cobain ya zo wurin gwaji da wani gajeren kiɗa, taushi huɗu ne kacal ana maimaitawa. Novoselic ya ji ya ce wannan shirme ne. Cobain ya yi ƙememe, ya sa suka yi ta kaɗa shi har wajen sa'a ɗaya da rabi. Ana cikin haka Novoselic ya rage saurin wani sashe, Grohl kuwa ya sako ganga a kai, sai ga waƙa ta miƙe tsaye. Shi ya sa ita kaɗai ce a faifan aka rubuta sunayen su ukun a matsayin masu ita.

Tsarinta ba shi da wuyar ganewa. Tana farawa da jita ita kaɗai, sai ganguna su faɗo kamar an ɓalle ƙofar shago, sa'an nan komi ya lafa, mawaƙi yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai jin barci. Can sai a sake ɓarkewa, murya ta koma ihu. Haka ake yi, a lafa a ɓarke, har tsawon minti biyar. Cobain bai ɓoye ba cewa wannan dabara a wurin ƙungiyar Pixies ta birnin Boston ya are ta. Shi ma Grohl ya bayyana cikin 2021 cewa salon gangarsa ya kwaikwayo ne daga makaɗan disko baƙar fata irin su Gap Band da Cameo, waɗanda duk wanda ya yi samartaka a Ikko wajen 1980 ya san faifayensu.

Amma labarin sunan waƙar shi ya fi ban dariya. Cikin 1990, lokacin Cobain yana zaune a garin Olympia, wata abokiyar hirarsa, Kathleen Hanna, mawaƙiyar ƙungiyar Bikini Kill, ta ɗauki alƙalami ta rubuta a bangon ɗakinsa cewa Kurt yana ƙanshin Teen Spirit. A Turanci waɗannan kalmomi biyu suna iya nufin zafin zuciyar matasa, kuma da yake sun ɓata dare suna hirar tawaye da juyin juya hali, sai Cobain ya ɗauka kirari aka yi masa. Alhali kuwa Teen Spirit sunan wani turaren hammata ne na 'yammata, na kamfanin Mennen, wanda ake sayarwa a kantuna. Tsokana ce kawai aka yi masa. Shi da bakinsa ya ce bai san haka ba sai bayan watanni da fitowar waƙar. Watau waƙar da aka ɗauka ita ce taken matasan Amurka, sunanta daga kwalbar turare ya fito, kuma kalmomin ba su ma bayyana ko sau ɗaya a cikin baitocinta ba.

Ran 17 ga Afrilu, 1991, suka fara rera ta gaban jama'a a wani wurin wasa mai suna OK Hotel a Seattle. Dalilin wasan kuwa shi ne su sami kuɗin man mota da za su kai kansu Kalifoniya. A can, a ɗakin naɗar murya na Sound City, wani gwani mai suna Butch Vig ya naɗi faifan cikin watannin Mayu da Yuni, da kasafin dala 65,000. Cobain ba ya son maimaita rerawa, da ƙyar Vig ya samu ya yi sau uku. Da yake Vig yana so a ɗora murya a kan murya domin ta ƙara kauri, sai ya lallashe shi da cewa ai John Lennon na ƙungiyar Beatles ma haka yake yi. Daga baya aka kawo Andy Wallace ya tace sautin, ya goge shi ya yi sheƙi yadda rediyo za ta karɓa. Cobain ya amince a lokacin, amma bayan abin ya bunƙasa sai ya riƙa ƙorafin cewa an yi wa faifan kwalliya fiye da kima. Da ya koma Olympia kuwa bayan an gama aiki, sai ya tarar an fitar masa da kaya waje saboda bashin haya. Ya yi ta kwana cikin mota.

ZAKARAN GWAJIN DAFI

Ran 10 ga Satumba, 1991, aka fitar da waƙar. Shirin kamfani shi ne ta zama zakaran gwajin dafi, ta tattaro 'yan bayan fage, sa'an nan a biyo ta da wata mai taushi, "Come as You Are", wadda ita aka sa ran za ta jawo sauran jama'a. Ran 13 ga wata aka shirya musu liyafa a Seattle domin murnar faifan, kuma a jikin takardar gayyatar ne fuskar nan ruwan ɗorawa ta fara bayyana. Makaɗan suka kama jifan juna da abinci, masu gadi suka kore su daga liyafar da aka shirya dominsu. Ran 24 ga wata Nevermind ya shiga kasuwa. Guda 46,251 kamfani ya aika wa shagunan Amurka, kuma lissafinsa shi ne in an yi sa'a a sayar da 250,000 gaba ɗaya. A jerin mujallar Billboard na faifayen da suka fi kasuwa, a lamba ta 144 ya fara.

Abin da ya juya al'amarin shi ne hoton bidiyo. Wani sabon hannu mai suna Samuel Bayer ya ɗauke shi cikin watan Agusta, kuma shi ne aikinsa na farko. An shirya wuri kamar ɗakin wasanni na makarantar sakandare, ga hayaƙi, ga haske ja-ja kamar na magariba. Ɗalibai suna zaune a kan benci sun yi jugum, makaɗa suna tsakiya, ga 'yammata masu rawar ƙarfafa 'yan wasa, amma an sa musu baƙaƙen tufafi da alamar masu ƙin kowace irin hukuma a ƙirji. A gefe ɗaya kuma ga wani tsoho mai shara yana rausaya da sandar goge daɓe. Wanda ya san aikin da Cobain ya yi a makarantarsu ya san daga inda wannan tsoho ya fito.

Samarin da aka tara domin su fito a matsayin ɗalibai masoyan ƙungiyar ne na gaske, da takardar sanarwa aka gayyato su. Aka zaunar da su yini guda ana maimaita waƙa ɗaya, har suka gaji suka ƙosa. Da yamma Cobain ya sa baki aka ce a ƙyale su su yi abin da suka ga dama. Nan take suka tashi suka auka fage, suka yi ta turereniya suna hawan juna, suka wargaza kayan kiɗa. Hargitsin da ake gani a ƙarshen hoton ba na wasan kwaikwayo ba ne, kuma masu kallo sun gane haka.

Tashar talabijin ta MTV, wadda aikinta a lokacin nuna hotunan waƙoƙi ne dare da rana, ta fara nuna shi ran 29 ga Satumba a shirin dare na 'yan bayan fage. Da ta ga yadda ake nema sai ta maido shi cikin shirye-shiryen rana, lokacin da yara suke dawowa daga makaranta. Daga nan abin ya kama kamar wutar daji. Shaguna suka ƙare da faifai, kamfani ya shiga bugawa ba dare ba rana. Makaɗan kuwa suna Turai suna yawon wasa a ƙananan ɗakuna da aka kama tun kafin a san su, suna isa gari suna tarar da mutane sun yi dafifi a ƙofa. Hausawa sun ce dare ɗaya Allah kan yi Bature. Waɗannan da ma Turawa ne, amma a 'yan makonni suka tashi daga masu neman kuɗin mai suka koma waɗanda duniya take magana a kansu.

Ran 11 ga Janairu, 1992, Nevermind ya hau lamba ta ɗaya a Billboard, ana sayar da wajen 300,000 kowane mako. Wanda ya sauka ya ba shi wuri kuwa ba kowa ba ne illa Michael Jackson da faifansa Dangerous. A makon ne kuma waƙar ta kai lamba ta 6 a jerin waƙoƙi, a Ingila kuwa ta riga ta kai ta 7. Shugaban kamfanin Geffen, Ed Rosenblatt, ya gaya wa jaridar New York Times cewa su ba su yi komi ba, faifai ne irin wanda sai dai mutum ya kauce masa ya ba shi hanya.

Ya kamata a faɗi abu biyu a nan domin kada labari ya wuce gona da iri. Na farko, ba a kayar da Michael Jackson ba, domin Dangerous ya ci gaba da sayuwa miliyoyi a duniya. Na biyu, akwai wani dalili da ba na kiɗa ba. Kafin watan Mayu na 1991, Billboard masu shaguna take tambaya su faɗi abin da ya fi tafiya, su kuwa sukan faɗi sunayen da suka saba da su. Daga wannan wata aka koma lissafi da na'urar SoundScan, wadda take ƙidaya kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa. Sai ga shi an gano cewa irin kiɗan da ake rainawa yana da masu saye fiye da yadda aka zata. Nirvana sun fito a daidai lokacin da aka gyara mudu.

ME YAKE FAƊI NE?

Wani abin da ya ɗaure wa mutane kai shi ne, miliyoyi suna bin waƙar amma ba su san abin da take faɗi ba. Cobain yana tauna kalmomi yana haɗiye rabi, har waɗanda Turanci ne harshen uwarsu ba su iya tsintar baitocin. Ba a kuma buga su cikakku a kwalin faifan ba sai a wani faifai na daban cikin 1992. Waɗansu gidajen rediyo sun yi ɗari-ɗari da ita da fari saboda haka. Da aka sami baitocin a rubuce ma ba a huta ba, domin guntaye ne masu saɓa wa juna, wani yana kiran a tashi, wani yana yi wa kiran ba'a. Grohl ya taɓa cewa wanda ya ga Cobain yana rubuta baiti saura minti biyar ya rera shi, da wuya ya yarda akwai wani babban saƙo a ciki. Wani mawaƙin barkwanci, "Weird Al" Yankovic, ya nemi izini ya yi tasa waƙar a kan wannan rashin ganewa, ya ɗauki hotonta har da tsohon nan mai shara. Cobain ya yarda, kuma abin ya ba shi dariya.

'Yan jarida dai ba su jira an gane ba. Suka ce wannan ita ce muryar matasan zamanin, 'ya'yan auren da ya mutu, waɗanda suka tashi gaban talabijin ba su da tabbacin samun aiki irin na iyayensu. Suka naɗa Cobain kakakinsu ba tare da an tambaye shi ba. Masu sharhin kiɗa da jaridar Village Voice take tattara ra'ayinsu kowace shekara suka zaɓe ta waƙar da ta fi kowace a 1991. MTV ta ba ta lambobin yabo biyu cikin 1992. Dattawan da suke raba lambar Grammy kuwa ba su gamsu ba, cikin 1993 suka ba Eric Clapton lambar waƙar rok saboda "Layla", tsohuwar waƙarsa ta 1970 da ya sake rerawa.

Kasuwa ita ma ta yi nata. Wakilan manyan kamfanoni suka yi rububin zuwa Seattle suna neman duk wani mai jita da yagaggen wando. Ƙungiyoyin garin irin su Pearl Jam da Soundgarden da Alice in Chains suka sami kasuwa mai yawa, masu fesa wa suma mai kuwa tauraronsu ya dusashe. Aka laƙaba wa kiɗan suna giranji, kalmar da take nufin dauɗa. Har tufafinsu aka bi. Rigunan sanyi masu gida-gida irin na masu saran itace, waɗanda yaran suke saye a gwanjo saboda babu, sai ga wani mai zanen tufafi a New York, Marc Jacobs, ya ɗinka irinsu da siliki a ƙarshen 1992 ana sayar wa masu kuɗi. Kamfanin da yake wa aiki ya sallame shi a kan haka.

ƘARFEN ƘAFA

A nan ne waƙar ta fara zame wa mai ita ƙarfen ƙafa. Cobain ya tashi yana ganin kansa bare a garinsu, yaro siriri mai son zane, wanda ƙartin 'yan wasan makaranta suke cin zalinsa. Ya gudu zuwa cikin 'yan bayan fage domin ya rabu da irinsu. Yanzu kuma ya ɗaga ido daga kan dandamali sai ya ga su ne a sahun gaba, suna tsalle suna ihun a sa musu waƙar da suka gani a talabijin. Mutanensa na da kuma suna kallonsa a matsayin wanda ya sayar da kai. Ya rasa na gida, bai kuma yarda da na waje ba.

Tun cikin Nuwamba 1991 ya fara nuna alama. Aka gayyace su shirin Top of the Pops na BBC a Ingila, inda ƙa'ida ita ce a sa kiɗan da aka riga aka naɗa, makaɗa su yi kamar suna kaɗawa. Cobain ya ƙi taɓa tsirkiyar jita yadda ya kamata, ya rera waƙar da wata murya mai kauri a hankali kamar mai zaman makoki, Novoselic kuwa yana wulwula tasa jitar a sama. A babban taron Reading na 1992 suka fara da kiɗan wata tsohuwar waƙa ta ƙungiyar Boston, wadda ake cewa tasu ta yi kama da ita, domin su yi wa kansu ba'a kafin wani ya yi musu.

Abin da ya faru a Buenos Aires ta ƙasar Ajantina ran 30 ga Oktoba, 1992, shi ya fi nuna inda zuciyarsa take. Sun tafi da wata ƙungiya ta mata zalla mai suna Calamity Jane domin ta buɗe musu fage a filin ƙwallo cike da dubban mutane. 'Yan kallo suka yi ta zagin matan suna jifansu har suka sauka. Cobain ya fusata, ya so ya fasa wasan. Da aka lallashe shi ya hau, sai ya riƙa taɓa farkon waƙar, jama'a su ɗauki sowa, sai ya tsaya ya shiga wata. Haka ya yi ta yi musu, har aka tashi bai rera ta ba. Cikin Disamba na shekarar kuma ya rubuta a kwalin wani faifansu, Incesticide, cewa duk mai ƙyamar mata, ko mutanen da launin fatarsu ya bambanta da nasa, ko masu neman jinsinsu, to ya yi musu alheri ya daina zuwa wasansu, ya kuma daina sayen faifansu. Ba kasafai ake samun ɗan kasuwa yana korar masu ciniki daga bakin shagonsa ba.

Amma kada a mai da shi waliyyi. Mutumin da yake cewa bai damu da kuɗi ba, shi ne cikin 1992 ya nemi a sake rabon kuɗin waƙoƙi ya ɗauki kaso mafi tsoka, har da na abin da aka riga aka sayar, abin da ya kusa raba ƙungiyar. Shi ne kuma ya zauna ya gyara hoton bidiyon da kansa, ya sa aka ƙara fuskarsa kusa-kusa a ƙarshe. A hirarsa da mujallar Rolling Stone wadda ta fito cikin Janairu 1994 ya yarda cewa da niyya ya zauna domin ya tsara waƙar da kowa zai so. A cikin hirar kuma ya ce akwai daren da da ƙyar yake iya kai ta ƙarshe, ji yake kamar ya jefar da jita ya tafi, kuma yana da waɗansu waƙoƙi, irin su "Drain You", da ba su gaza ta ba amma ba a kula su. Ya nemi abin, ya samu, sa'an nan ya kasa zama da shi.

Faifansu na uku, In Utero, wanda ya fito cikin 1993, da gangan suka ɗauko Steve Albini ya naɗe shi da kaushi, ba gogewa ba sheƙi, ko a rage 'yan rakiya. Shi ma ya hau lamba ta ɗaya. Cikin Nuwamba na shekarar suka yi wa MTV wani wasa a zaune a New York, da jita marar hayaniya, ga furanni da kyandirori, kuma suka bar shahararriyar waƙar tasu a gida.

Ran 5 ga Afrilu, 1994, Kurt Cobain ya kashe kansa a gidansa na Seattle yana da shekara 27, ya bar mace da 'ya ɗaya wadda ba ta cika shekara biyu ba. Sai bayan kwana uku aka ga gawarsa. Masu son gajeren labari sukan ce ɗaukaka ce ta kashe shi, amma ba daidai ba ne a ɗora wa waƙa wannan nauyi ita kaɗai. Mutum ne da ya daɗe yana fama da ciwon ciki mai tsanani da baƙin ciki, ga kuma hodar heroin da ta kama shi ta ƙi saki. Abin da za a iya cewa shi ne, hasken da waƙar ta jawo masa bai bar masa wurin ɓuya ya yi jinya ba. Da mutuwarsa ƙungiyar ta watse. Grohl ya kafa tasa, Foo Fighters, ya koma shi ne mawaƙi.

Waƙar kuwa ba ta tsaya ba. Nevermind ya haura miliyan 30 a duniya. Cikin Disamba 2019 hoton bidiyon ya cika kallo biliyan ɗaya a YouTube, kuma cikin 2021 Rolling Stone ta sa ta lamba ta 5 a jerin waƙoƙi 500 da ta ce sun fi kowaɗanne. Jitar da ya riƙe a hoton, ƙirar Fender Mustang, an yi gwanjonta cikin Mayu 2022 a kan dala miliyan huɗu da rabi, alhali da dala 606 aka naɗi faifansu na farko.

Garin Aberdeen, wanda ya gudu ya bari, ya daɗe yana jan ƙafa kafin ya karɓe shi a matsayin ɗansa. Sai cikin 2005 aka kafa allo a bakin hanyar shiga gari domin tunawa da shi. Sunan waƙa aka rubuta a ƙarƙashin gaisuwar maraba, amma ba wadda ta tayar da ƙura ba. "Come as You Are" aka zaɓa, watau ta biyun nan da kamfani ya sa wa rai tun farko.